Faranti Na Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Idi-Araba,
janareto na tari a bayan taga.
Na ɗaga farantin saitin fitila.

Jiya da hannuna na shuka su,
ɗigon mugunya daga ƙafar wani,
na jera musu magani iri shida,
farare, ƙanana, kamar maɓallan riga.
Inda magani ke da sauran kwarjini
ƙwayoyin cuta kan dare masa,
su bar fili kewaye da shi, fes.
Yau babu wanda ya gusa.
Sun haye biyar sun yi zaman dirshan.
Na shida kaɗai ya tsira da zobe
siriri, bai kai faɗin farce ba.

Na san mai ƙafar.
Tasi'u, ɗan dakon albasa a Mil Sha Biyu,
ƙusa ta same shi cikin caɓin damina.
A danfo ya sayi kafso, ja da baƙi,
wurin mai tallan da ke rantsuwa
har ciwon da ba a haifa ba yana kashewa.
Ya sha huɗu, zogi ya lafa,
ya ƙulle saura a leda saboda gaba.
Ban iya ganin laifinsa ba:
ranar da buhu bai hau kansa ba
tukunya ba ta hawa murhu a Illela.

Morenike ta leƙo ta kafaɗata.
Ta ce, "Kuma?"
Na ce, "Kuma. Na uku tun Litinin."

Fam ɗin rahoto ba ya neman suna.
Shekaru, unguwa, rana,
sai sunan ƙwayar, mai sa harshe tuntuɓe.
Na cike. Na tura.
Na zuba wa allo ido yana juyi, yana juyi,
kafin ya tafi.

Gobe wani a Abuja, da shayinsa a gefe,
zai ga ɗigo ja ya ƙaru a taswira,
kusa da na Agege, kusa da na Mushin.
Ɗigo ɗaya bebe ne.
Sai sun taru suke yin baki,
shi ya sa ba na barin ko ɗaya a aljihun tebur.

Na kira likitan ɗakin maza:
a tsayar da waccan allurar, ɓata jijiya ce,
a koma na shida, kafin shi ma ya sallama.

Ruwa ya soma sauka kan kwano.
A gado na tara, in ji nas,
Tasi'u bai runtsa ba,
yana tambaya ko motar Sakkwato ta iso,
da wanda zai sauke ta.