Kafaɗar Nomau

Duk ran Laraba, in an sallame La'asar,
nakan rufe rumfar facina a bakin titin Ringim,
in wanke hannu da toka, baƙin ba ya fita duka,
in bi ta bayan tsohuwar tashar jirgi
zuwa siton gyaɗan nan da aka mai da ɗakin koyon zane.

Ba mai tambayar ka ajin da ka tsaya.
Ɗari biyu a gwangwanin madara,
in babu, shiga kawai, Malama Gaje ta iya kau da kai.
Takardarmu ta buhun siminti ce, an yanka an karkaɗe,
gawayi kuwa daga murhun Talle mai shayi.

Mu tara ne in an cika.
Akwai Lantana mai kitso, da tagwayen gidan Sarkin Aska,
da wani ɗan sanda da ke tura hularsa ƙarƙashin benci
kamar ya sato ta.

A tsakiya, kan kifaffen turmi,
Nomau mai haƙar rijiya ya zauna cikin 'yar shara,
shi da ƙauye bakwai ke shan ruwan hannunsa.
Ya ce, "Ashe zama ma sana'a ne?
Na tsufa ina shiga ƙasa, ba wanda ya gaya mini."

Malama ta ce, "Ku bar abin da kuka sani a ƙofa, tare da takalma.
Abin da kuka gani za ku zana."

Shekara ashirin ina gaida mutumin nan,
na yi wa kekensa faci ya fi a ƙirga,
sai yau na ga kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka,
nan igiya ta ci abincinta.
Sai yau na ga babban yatsansa ba farce.
Kunya ta kama ni, na noƙe kai a takarda.

Zanena na fari da ya zagayo ya gani
ya daɗe yana jinjina kai.
"Wannan ai ƙanen babana ne, Allah ya jiƙansa,
a ina ka san shi?"
Har ɗan sandan sai da ya share ƙwalla.

Kawuna ya tare ni a zaure ran nan,
ya ce, "In an ce ka hura masa rai fa?"
Na ce, "Kawu, ni ina ni ina rai?
Kallo nake koyo."
Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, ya ci gaba da jan carbinsa,
ni ma tambayar na kwana da ita.

Wata Larabar Nomau ya tafi aiki Sankara,
turmi ya zauna ba kowa.
Malama ta dube mu ɗai-ɗai, ta tsaya a kaina.

Rabin awa ba motsi.
Ƙuda ya sauka a hancina ya yi gida,
bayana ya fara ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kai,
ido goma sha shida suna auna ni da tsinin gawayi
kamar tela zai yanka yadin wani.
Ba na jin komai sai ƙarar gawayi a takarda,
sai ka ce kaji na tono a shara.

Da aka juyo allunan, ni takwas ne.
Wani ya ƙara mini shekaru, wani ya ba ni wuyan zalɓe.
Lantana ba ta ko taɓa fuskata ba,
hannuwa kawai ta yi, a ɗore bisa gwiwa,
da baƙin taya a kowace tsaga.
Na san hannuwan nan.
Su suka riƙe mini sirdi ranar da na fara hawa keke.
Ban ce komai ba, na roƙe ta takardar.

Da dare Hansai na tsince shinkafa a gaban fitila,
haske ya kwanta mata a kunci ɗaya, ya bar ɗayan.
Ta ɗago ta ce, "Lafiya, Barau? Baƙuwa ka gani?"
Na ce, "Tsaya haka tukuna,
kar ki motsa."