Ku Dubi Safa

Shekara ashirin da shida ina jan buhu a filin nan na Nasarawa,
ina yayyafa ruwa kafin rana ta fara gasa,
ina share farin layi da tsintsiyar da ta cinye har gindi.
In zancen tanis ya tashi a teburin Tanimu mai shayi
ba na cewa na iya wasa.
Abin da na sani, ƙasa.

Bazara ta kama, mangwaro ya cika 'Yan Lemo,
can Turai ma sun koma jan fili.
Barau ya ɗaga wayarsa mai tsagaggen gilashi
yana jero manya, na ɗaya, na biyu, na uku,
masu hoto a jikin kwalin takalmi.
Na ce, Barau, wannan ko jikata Ladiyo ta iya.
Nuna giwa a daji ai ba duba ba ne.
Kawo min wanda aka manta da sunansa.

Ni takardata bayan bil ɗin wuta ce,
mutum uku na rubuta, da fensir.

Akwai bahago daga wani gari na kan dutse
da harshena ya kasa faɗa.
Ƙwallonsa in ta dira sai ta yi tsalle har kafaɗa
kamar ɗan akuyar da aka kwance.
Na sittin da wani abu ne a duniya.
A kan siminti abin tausayi ne,
amma a ba shi ja, a ba shi zafi, a ba shi awa huɗu,
ku ga wanda zai fara ƙosa.

Akwai tsoho, an ɗinke masa gwiwa sau biyu,
'yan jarida sun gama karɓar gaisuwarsa.
Siminti ke cin gwiwa, ƙasa kuwa tana da kara.
Ba ya gudu yanzu.
Sai ya kora ka can baya, baya, har jikin allo,
sannan ya ajiye ta a bakin raga
kamar mai ajiye ƙwai a tasa.

Na ukun yaro ne, ta ƙofar share fage ya shigo,
ba koci, ba mai riƙe jaka.
Sau ɗaya na gan shi, wuta ta ɗauke ana tsaka.
Amma na ga ƙafar:
yana zamewa kafin ya buga, ba bayan ya buga ba.
Wannan ba a saye, ba a ara,
sai wanda ya faɗi sau ɗari ya ci jar ƙasa.

Suka yi dariya. Tanimu ya tuna min bara,
ukun nawa duk sun tattara tun makon farko,
na biya shayi da burodi da ƙwai kwana bakwai.
Na biya. Ban ce ban biya ba.
Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare,
kuma jan fili miyarsa da nisa.

Ku bar duba lamba, na ce, ku dubi safa.
Wanda ya tashi da farar safa
kallo ya zo.

Da yamma alhazai sun tafi, direbobi sun ja motoci,
Mudi mai tsintar ƙwallo ya ɗauko raket ɗin da aka yar,
tsirkiya biyu a tsinke,
yana bugun bango shi kaɗai har aka kira magariba.
Safa ma ba shi da ita, dugadugansa ne suka yi ja.
Hadari na haɗuwa ta gabas, wajen Hotoro.
Na laluba aljihu, fensirin na nan,
sai na bar shi.
Na ce, kai, tattara ƙwallayen nan kafin ruwa ya iso,
gobe ka zo da wuri, ka taya ni jan buhu,
in nuna maka inda filin ke da santsi
da inda ƙafa ke kamawa a ƙasa.