Ɓarawon Gida

Ni Nomau, shekara tara ina gadin ɗakin bincike
can bayan asibitin koyarwa, ta wajen Gawon Nama.
Aikina ƙofa da janareta.
In an ɗauke wuta, kafin firiza ya yi kukan farko
na riga na ja igiya.
Dakta Luba ta ce abin da ke cikinsa ya fi motarta tsada:
jinin mutum ɗari uku da 'yan kai,
kowa da lambarsa, babu mai suna.

Wani daren bazara, zafin Sakkwato bai san dare ba,
ta fito shan iska wajen ƙarfe biyu,
ido jawur kamar garwashi.
Na ce, Dakta, me ake nema haka da ba ya jiran safiya?

Ta zauna bisa bencina, ta ce,
“Nomau, cikin jininka akwai masu gadi irinka.
Ba su barci, ba su jiran albashi.
Baƙon ciwo ya hauro katanga, su far masa.
Amma daji ɗan gida ne.
Nan aka yanke masa cibi,
ya san sunan kare,
yakan miƙa wa maigadi hannu,
maigadi ya ce masa a sauka lafiya.
Ni fuskarsa nake koya musu.”

Na yi shiru. Na tuna Kulu, yayata,
da ƙullutun da ta ɓoye ƙarƙashin zane damina biyu.
Mun kai ta Wurno, mun kai ta Boɗinga,
aka ce jifa ne,
muka sayar da jajayen awaki huɗu.
Ashe ɓarawon tare muke sa hannu cikin akushi.

Ba kullum ake dacewa ba.
Na ga ranar da aikin wata bakwai ya lalace mata.
Ta wanke hannu har gwiwa, ta yi la'asar,
ta buɗe sabon shafi.
Na kuma ga ranar da ta fito da takalmi ɗaya:
“Sun gane shi! Sun taru kansa!”
Sai ta ja numfashi.
“Cikin ɗan faranti dai, Nomau.
Mutum tukuna. Da sauran tafiya.”

Bara ta kawo mini wata takarda da aka buga can nesa.
Ban iya boko ba.
Ta ɗora yatsa can ƙasa, wajen godiya,
ta ce ga sunanka.
Na ninke ta, tana cikin hulata.

Ɗalibanta sun kai goma yanzu,
suna wuce ni da fararen riguna, suna gardama.
Ni dai kunnena na ga firiza.
Ɗazu ma an ɗauke.
Igiyar ta ƙi sau biyu.
A na uku na ce, Kulu, kama mini,
ya tashi.