Daren Laraba a Bolari

Makullin ajin ƙarshe a hannuna yake kwana.
Da rana magatakarda ne ni a kotu,
ina rubuta rigimar gona da ta gado.
Ran Laraba bayan isha'i
caki nake girgizawa,
ba wanda ya taɓa tambayata dalili.

Sajan Bappayo kan riga kowa.
Shekara ashirin da tara yana busa begila
a badujalar 'yan sanda,
daga Maiduguri har Fatakwal.
Fanshonsa hadarin Afrilu ne,
ya haɗu, ya yi baƙi, ya watse.
Amma begilar ƙyalli take,
da toka da lemon tsami yake mata wanka.

Rifkatu ungozoma, 'yar Kaltungo,
a majami'a ta koyi sarewa
tun ba ta kai tsayin benci ba.
Takan shigo da ƙamshin magani a yatsu.
Wani daren ta ce, yau uku na karɓa,
ɗaya bai yi kuka ba.
Ta ɗaga sarewa. Muka bar ta.

Gidado malamin dabbobi ne.
Goge biyu mahaifinsa ya fasa masa,
na ukun ya girma a ɓoye
bayan akwatin rigakafin shanu.
Tsagiyarsa daga jelar wani doki ce
da ya yi wa jinya a Kumo,
mai dokin ba shi da ko sisi.

Tinau mai walda a Tashar Dukku,
da hannunsa ya yanka duro ya yi ganga.
Guduma ta cinye masa kunnen hagu,
shi ya sa in ya doka
alli ke faɗowa daga allo.

Baba Lamela kuwa, Ashaka ta sha ƙuruciyarsa.
Shekara talatin yana ɗura siminti a buhu,
siminti na ɗura kansa a ƙirjinsa.
Da, algaita yake busawa har jijiya ta tashi.
Yanzu kuge yake riƙe,
yana ƙirga mana lokaci yana tari.

Sai Dijatu, autarmu,
ɗalibar lissafin kuɗi,
mai rumfar cirar kuɗi a bakin kasuwa.
Fiyanonta da batir yake,
maɓalli biyu sun mutu,
ta san yadda take tsallake su
kamar mai tsallake kwata.

Kullum sai an yi musu.
Sajan ya baza takarda,
tururuwa jere a kan layi biyar.
Gidado ya ce, ranka ya daɗe,
kiɗa a kunne yake kwana.
Sajan ya ce, kunne na mantuwa.
Tinau ya ce, me kuka ce?

Larabar da ta wuce muna tsaka da shi
wayar Rifkatu ta yi ƙara.
Ta ajiye sarewa a kan benci,
ta ja gyale, ba sallama.
Muka ci gaba, har muka iso
gurbin da ita kaɗai ke busawa.
Tinau ne ya fara ɗaga sanda,
shi da ido yake sauraro.
Goge ya yi shiru. Begila ta sauka.
Kuge kaɗai ya rage,
ɗaya, biyu, har takwas,
muna jin kukan kwaɗi a bayan taga.
A na tara muka shigo tare,
ba wanda ya kalli takarda.

Na mai da benci inda yara za su same su.
Na goge allo, na sa makulli.
A jakata akwai fayil ɗin gobe,
shari'a ta huɗu, ƙarfe tara:
Tinau yana ƙarar Gidado
kan cikon kuɗin ƙofar ƙarfe.

Ga su can sun hau babur ɗaya,
ganga a tsakiya, goge a baya,
suna kauce wa ramukan titi.