Kwaɗo Uku

Shekara ashirin ina walda a Bolari.
Ƙyauren da na ƙera, ɓarawo kan gaishe shi ya wuce.
In an ce ƙofar Babayo ce, sai barci har da minshari.
Mai son shiga nake tunani kullum,
ban taɓa tuna mai son fita.

Hajiya Dudu ta buɗe makarantar ɗinki a Herwagana,
saman bene, ɗaki guda, keke talatin da biyu,
yadi da soso jibge har rufi.
Ta ce, "Kekunan nan bashi ne, ka tsare min su."
Na jera ƙarfe a tagogi kamar haƙoran kada,
ƙofa ɗaya, kwaɗo uku, sama da ƙasa sakata.

Ran Talata sai ga ma'aikaciyar tsara gari,
Injiniya Asabe, 'yar Kaltungo, siririya,
tef ɗin awo a hannu, biro a bayan kunne.
Na gyara tsayuwa ina jiran yabo.
Ko kaurin ƙarfen ba ta tambaya ba.
Ta tura ƙyauren, ta ga ciki yake buɗewa,
ta yi shiru, ta rubuta.

"Malam, ara min tsumman kafaɗarka."
Da shi ta ɗaure min ido, ina shaƙar gumin kaina.
Ta kai ni ƙuryar ɗaki, ta datse ko'ina.
"An ɗauke wuta. Garwashin guga ya faɗa kan soso.
Hayaƙi ya turnuƙe. Ga makullanka.
Fita."

Na ci karo da keke, gwiwa ta amsa.
Tana ƙirga, ashirin, talatin.
Makullin sama na cusa wa kwaɗon tsakiya,
ya cije, na zagi ƙarfen da ni na zaɓo shi.
Makullan suka suɓuce, na durƙusa ina lalube
cikin zare da ƙyalle da allurai.
A ɗari da hamsin ta bar ƙirga.
"Kai kaɗai ne, kuma aikin hannunka ne.
Su talatin da biyu ne, wata da goyo,
duk sun danno bayanka suna tari.
Ta ina za ka ja ƙyauren baya?
Ai ba ta jiran kowa, wuta."

Ba ta ɗaga murya ba, doka ta karanto:
ƙyaure ya buɗe waje, da turi ɗaya,
daga ciki kada a nemi makulli,
a fasa wata ƙofa a baya, da nata matakala,
kada a ajiye ko buhun soso a hanya.
Hajiya ta yi ta lissafi da yatsu tana tsaki.
Mako biyu aka ba ta.

Da dare na koma gida Pantami.
Na tsaya a tsakar gida da tocila
ina haska tagar ɗakin yara.
Aikina ne, mai kyau, ko yatsa uku ba sa wucewa.
Makullin yana aljihun wata riga, ban san wacce ba.
Ban runtsa ba. Ana sallame asuba na jona garanda,
maƙwabta suka leƙo suna tambayar lafiya.
Zuwa hantsi na kira Adda, autarmu, shekararta huɗu,
na ce, "Rufe ido, ki tura."
Ta tura da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da ƙosai,
rana ta faɗo kan fuskarta.