Lamba Ashirin da Bakwai

Mu uku aka ba alƙalanci:
ni, da Farshid mai gidan burodi,
da tsohuwa Morin ta laburare.
Aka jibge mana labari sittin da ɗaya
a wani ɗakin sama a Shafil,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.

Sharaɗi: kalma dubu, kar a zarce.
Ba suna, sai lamba.
Kyauta fam ɗari uku.
Na zaro jan biro kamar abin arziki.

Lamba huɗu ta shiga teku da goyo,
ta fito da majanyi.
Tara ya ce shi sanyi ne ya ci amanarsa,
ya cika shafi biyu a kan safa.
Sha shida likita ce a garinsu;
nan tana goge daɓen asibiti,
tana satar karanta katin majinyata,
tana cije leɓe.

Morin ta ce, wannan ya fi taɓa zuciya.
Farshid ya ce, wancan ya fi iya zance.
Ni na rasa mudun da ake auna hawaye,
balle in san inda ake yi masa tozo.

Sai ashirin da bakwai,
da Turancinsa mai ɗingishi.

Ya ce: Na sayar da keken ɗinkina a Funtuwa.
Mai saye ya ce in haɗa da almakashi, na ƙi.
Shekara bakwai ina jan tasi da dare,
ina kwashe mashaya, ina wanke amansu,
kafin takardun iyali su fito.
Ranar da suka sauka
'yata ta laɓe bayan uwarta,
ta durƙusa ta ce, ina wuni, Malam.
Na shiga banɗaki na kunna famfo
don kar su ji.

Na ajiye biro.

Na san famfon nan.
Ina shekara tara, zaune kan akwati,
ina jin ruwa na zuba, na zuba,
na ce a raina: ashe nan ba a tattalin ruwa.
Na san almakashin,
baƙin hannu, an naɗe shi da jan zare.
Na taɓa yanka kwali da shi,
aka kwana biyu ba a amsa gaisuwata ba.

Shekara ashirin da ɗoriya ina tambaya,
Baba, ya aka yi?
Sai ya ce, an zo lafiya, alhamdu lillahi,
ya ƙara muryar rediyo.
Yau ga shi ya kwance ƙullin
a gaban mai burodi da wata tsohuwar Baturiya.
Haushi ya riga tausayi zuwa, ba zan ɓoye ba.

Na ce, Morin, cire hannuna daga wannan.
Ta dube ni ta saman tabarau,
ta tura mini shayi, ya riga ya huce.

Bai ci ba.
Mai majanyi ce ta ci, kuma ta cancanta,
in dai cancanta ce sunan abin.

Daren na hau bas zuwa gida
da wata doguwar riga mai jan ƙasa.
Na ce, Baba, rage min tsawo.
Malam Shekarau ya miƙe, gwiwa na ƙara,
ya jawo durowar da ba a taɓawa.
Ya sa ni hawa kujera,
ya durƙusa a gabana yana kama lafi,
furfurar ƙeyarsa kaɗai nake gani.

Na ce, sun buga sunayen alƙalai a sanarwa.

Allura uku a bakinsa, ya ce,
na gani.
Tsaya daidai, kina karkacewa.