Mai Wana Agogon Kerrindale

Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina hawa matakala sittin da huɗu
duk Litinin, in wana agogon zauren gari.
Gwiwata ta san kukan kowane katako.

Jiya wani saurayi ya zo da igiyar awo da takardu,
ya ce majalisa na lissafi:
rufi na yoyo, bango ya tsage,
filin zai ci gidaje arba'in da wurin ajiye motoci.
Dama sai bango ya tsage ƙadangare kan sami mashiga.
Na ba shi shayi. Amsa kuwa, ta maƙale.

Da bakina ya buɗe, da na ce:
auna mini daren da kogi ya yi ambaliya,
gida goma sha tara suka kwana a kan dandamalin wasa,
Oriel Pengelly na rabon miya har asuba
da ludayin da har yau ba a san mai shi ba.
Auna mini daɓen nan da rawa ta siɗe,
inda Stavros mai suyar kifi ya aurar da 'ya'ya uku,
inda Thuy ta ɗaga hannu ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa,
sabon takalmi yana cizon dugaduganta.

A waje ga sojan dutse, kai a sunkuye,
tattabaru sun mai da hularsa masauki.
Sunaye hamsin da biyu a ƙarƙashin ƙafarsa.
Na arba'in da shida, E. Tredinnick, ƙanin kakata ne.
Bai cika sha tara ba. An ce kiwon zuma yake yi.
Kabarinsa na can ƙetaren teku, in ma akwai.
Haruffa goma sha ɗaya,
su ke nan abin da yaƙi ya maido mana,
ruwan sama kuma yana lasar na ƙarshen
sannu sannu.

Da yamma 'yan makaranta kan jingina da shi,
suna jiran bas, suna cin soyayyen dankali.
Ba sa karanta komai. Ban ga laifinsu ba.
Dutsen ya wuni yana shan rana,
ɗuminsa suke ji a gadon baya.

Ranar Alhamis za a kaɗa ƙuri'a.
Oriel ta ce za ta zo, ko da a keken guragu ne.
Agogo na lattin minti huɗu.
Litinin zan hau in gyara.